Ciwon Ƙirjin da Ake Kira Olsa da Gwajin Zuciya na Tafiya

A Birnin Gwari da ƙauyukan da ke gefen dajin Kamuku an saba ɗora kusan kowane ciwon ƙirji a kan olsa, ta yadda magidancin da ƙirjinsa ke yin nauyi duk lokacin da yake huɗa ko ɗaukar buhun masara, nauyin kuma ya sake shi da zarar ya zauna, ba ya wuce kemis, inda za a miƙa masa ruwan maganin olsa ya koma gona. Wannan sakaci ne mai ban takaici, domin ciwon da wahala ke tayarwa hutu ya kwantar, musamman in yana sauka hannun hagu ko yana hawa muƙamuƙi, yakan nuna cewa kitse ya ƙuntata jijiyoyin da ke kai wa tsokar zuciya jini.

Wanda ya daure ya je asibiti ma yakan yi wani kuskuren: a yi masa awon ECG, wato zanen bugun zuciya a takarda, yana kwance, zanen ya fito daidai, ya ɗauka magana ta ƙare. Alhali ƙuntatacciyar jijiya tana iya wadatar da zuciyar mai hutawa, sai an sa ta aiki asirinta yake tonuwa. Shi ya sa ake gwajin tafiya, inda ake manna wa mutum wayoyi goma a jiki ya taka na'urar da shimfiɗarta ke gudu, bisa tsarin da likitan Amurka Robert Bruce ya fitar a 1963. Duk minti 3 ana ƙara sauri da tudu ana auna ƙarfin jini, har bugun ya kai kashi 85 cikin ɗari na abin da ya rage in an cire shekarun mutum daga 220, ko ciwon ya taso a dakatar. Da wannan gwajin kuma ake gane ko magani yana aiki, da iyakar wahalar da majiyyaci zai iya ɗauka a gona.

Likitan zuciya, irin waɗanda ke Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, shi ke yanke wanda ya dace da gwajin, kuma wanda ciwon ke kama shi yana zaune taimakon gaggawa yake bukata, ba a ɗora shi kan na'ura. Wanda aka sa wa rana ya bar goro da shayi da sigari, kada ya cika ciki cikin awa 3 kafin gwajin, ya tafi da takalmi sau-ciki, ya kuma nuna duk magungunan da yake sha, domin wasu na hawan jini suna rage saurin bugun zuciya su ɓata sakamakon.