Lambobin Masu Saye Ma Jari Ne: Yadda Ƙaramin Ɗan Kasuwa Zai Zaɓi Manhajar Da Ta Dace Da Shi

A babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko shagunan da ke bakin titi a Yamai da Tawa, ciniki mai yawa yanzu ta salula ake ƙulla shi kafin mai saye ya tako ƙofar shago. Mai atamfa ya ɗauki hoton sabon kaya ya aika, mai kilishi ya karɓi odar matafiyi, tela ya sanar cewa ɗinki ya kammala. Sai dai duk wannan hulɗa a waya guda take zaune. Ranar da aka sace wayar, ko ta faɗa ruwa, ko yaron shago ya bar aiki ya tafi da layinsa, lambobin da aka shafe shekaru ana tarawa sun tafi, tare da lissafin wanda ake bi bashi da wanda ya ba da kafin alƙalami.

Wannan matsala ta fi cizon ƴan ci-rani. Mutum yana Abijan, ko Tamanraset, ko Faransa, ya turo kuɗi ta Nita ko Amana an buɗe shago, ya damƙa wa ƙanensa. Yana ganin kuɗin da ya fita, amma bai san su wa ke saye ba, bai san wa ya daina zuwa ba. Irin wannan giɓi ne manhajojin adana bayanan abokan ciniki suke cikewa.

Ayyuka biyu ne, ba ɗaya ba

Abu na farko shi ne rajista: wuri guda da ake rubuta sunan mai saye, lambarsa, garinsu, abin da ya saba saye, ranar da ya zo ƙarshe, da sauran kuɗin da ke kansa. Littafin bashi ne na kan tebur, sai dai ana iya bincikarsa cikin daƙiƙa, kuma mutum biyu na iya duba shi daga gari biyu.

Abu na biyu shi ne aika saƙo da kansa. Ana tsara wa manhaja cewa idan sabon mutum ya rubuto ta gaishe shi, idan shago na rufe ta faɗa masa lokacin buɗewa, idan azumi ya kusa ƙarewa ta tuna wa waɗanda suka ɗinka kayan Sallah bara. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a yi tsalle zuwa na biyu alhali na farko bai tsaya ba. Wanda lambobinsa ke ajiye da sunaye irin "Hajiya 2" da "mai shadda" ba zai amfana da kowace manhaja ba, komai tsadarta, sai ya fara gyara rajistarsa: cikakken suna, gari, da lambar ƙasa a gaba, +227 ga Nijar, +234 ga Najeriya.

A fara da na kyauta

Ga mafi yawan masu shago ɗaya, WhatsApp Business ya isa farawa. Kamfanin ya fito da shi a watan Janairun 2018 don ƙananan ƴan kasuwa, kuma ba a biyan kuɗin saukewa. Yana da kundin kaya mai hoto da farashi, da saƙon maraba, da saƙon "ba ma nan", da amsoshin da ake ajiyewa don tambayar da ake maimaitawa kullum. Ana kuma iya kasa mutane rukuni-rukuni, kamar ƴan sari, masu bashi, da waɗanda ke jiran kaya. Ana iya haɗa lamba guda da wasu na'urori har huɗu, abin da ke ba mai shago damar ganin hirar ciniki daga nesa.

Yana da iyakarsa. Jerin aika saƙo ga jama'a ba ya wuce mutum 256, kuma saƙon ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambar shagon a wayarsa. Haka nan ba ya riƙe lissafin bashi. Shi ya sa ya kamata a haɗa shi da teburin lissafi irin Google Sheets, a kuma ajiye lambobin a asusun Google na shago maimakon cikin waya ko kan layi.

Idan ciniki ya girma, misali mai sarin albasar Galmi da ke da masu saye a Kwatano da Akara da ma'aikata uku ko huɗu, a nan ne manyan manhajoji ke shigowa. HubSpot na Amurka yana da rajistar kyauta. Zoho na Indiya ya fitar da Bigin a 2020 don ƙananan kamfanoni. Brevo na birnin Paris, wanda ake kira Sendinblue kafin 2023, yana aiki da Faransanci, yana aika imel da gajeren saƙo, kuma tsarinsa na kyauta yana ba da imel 300 a rana. Mailchimp, da Intuit ya saya a 2021, ya yi suna wajen imel.

Tambayoyin da za a yi kafin a biya

Ta farko: ta ina masu sayen ke karanta saƙo? Yawancin waɗannan manhajoji an gina su ne kan imel, domin a Turai da Amurka nan ne ake tallata kaya. Matar da ke sayen turaren wuta a Tasawa ba ta buɗe imel. Saƙon murya take saurare. Biyan kuɗin manhajar imel ga irin wannan ciniki asara ce. Imel na da amfani ga wanda ke hulɗa da ofisoshi, ƙungiyoyin agaji, otal-otal ko masu saye na ƙetare.

Ta biyu: yaya ake lissafin kuɗin? Wasu na caji bisa yawan mutanen da ke rajista, kamar Mailchimp, wasu bisa yawan saƙon da aka aika, wasu bisa yawan ma'aikatan da ke shiga. Kuma da yuro ko dalar Amurka ake biya, ta katin banki. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, don haka manhajar yuro 15 a wata ta kusa jika 10, a shekara ta kai jika 118, ban da kuɗin intanet. Sai ɗan kasuwa ya tambayi kansa ko ribar da za ta ƙaru ta fi wannan.

Ta uku: tana aiki sosai a waya, kuma tana jure raunin rezo? Manhajar da ba ta sakewa sai a kwamfuta ba ta dace da shagon da wuta ke ɗaukewa ba.

Ta huɗu: za a iya fitar da bayanai idan an so barin ta? Manhajar kirki tana barin mutum ya kwashe dukan rajistarsa a fayil na CSV ko Excel. Ya kamata a gwada wannan tun ranar farko. A ranar 4 ga Oktoban 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram sun tsaya cak na kusan awa shida a duniya baki ɗaya. Wanda ke da lambobin masu sayensa a wani wuri daban ya iya buga musu waya.

Ta biyar: wa ke riƙe da makulli? Layin shago da asusun imel su kasance da sunan mai shago, a kunna lambar sirri ta mataki na biyu, a ba ma'aikaci izinin da ya dace da aikinsa kawai. Yarda tsakanin wa da ƙane ba ta hana a yi haka, domin yawancin rigimar da ke raba ƴan uwa a kasuwa daga rashin rubutu take tasowa.

Akwai wani ƙaramin abu da masu aika gajeren saƙo da Hausa ya kamata su sani. Saƙo ɗaya na ɗaukar harafi 160, amma da zarar an sa harafi mai lanƙwasa irin ƙ, ɗ ko ɓ, iyakar na sauka zuwa 70. Saƙon da aka zata ɗaya ne sai a caje shi biyu ko uku.

Lambar mutum amana ce

Nijar ta kafa dokar kare bayanan sirri tun 2017, kuma akwai hukumar HAPDP da ke sa ido a kai. Ko ba don doka ba, kasuwa na da nata hukunci. Wanda ya kwashi lambobi daga zauren WhatsApp na unguwa ko na dangi ya shiga aika musu talla ba tare da izini ba, mutane za su toshe shi su kai ƙararsa, kuma WhatsApp na rufe lambar da ƙorafi ya yi yawa a kanta. Manhajojin bayan fage da ake tallatawa da alkawarin aika dubban saƙonni a lokaci guda su ne suka fi jawo wannan rufewar. Hanya mai lafiya ita ce a tambayi mai saye a bakin shago ko yana son a riƙa sanar da shi sabon kaya, a kuma daina aika masa ranar da ya ce ya isa. Bashin mutum kuwa ba a tuna masa shi a cikin jama'a. Saƙo ne na shi kaɗai, da gaisuwa a gaba.

Ga mai shago ɗaya, aikin mako guda ya isa: a gyara sunaye, a raba layin ciniki da na gida, a kasa masu saye rukuni uku ko huɗu, a kwafe rajistar a ajiye a wuri na biyu. Idan bayan wata uku aikin ya fi ƙarfin waya da teburin lissafi, lokacin ne za a gwada manhajar biya, a fara da wata guda kafin a biya na shekara.