Abin da faifan kwamfutarka ke faɗa kafin ya mutu

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, kwamfutar tafi-da-gidanka ta zama kayan karatu a garin. Ga ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ga masu shagunan buga takardu har zuwa Kurfi. Da yawa daga cikin kwamfutocin nan 'yan gwanjo ne. Mai saye zai duba allo, ya gwada batir, amma ba kasafai yake tambayar lafiyar faifan ajiya ba, alhali nan ne kundin bincikensa zai kwana.

Shi kuwa faifan yana rubuta tarihin ciwonsa da kansa, ta wani tsari mai suna S.M.A.R.T. Manhajar kyauta irin CrystalDiskInfo za ta baje maka shi: shuɗi lafiya, rawaya hattara, ja kuma an makara. Sai dai launin kaɗai bai isa ba.

Fara da layi na 9, awowin da faifan ya yi yana aiki. Shekara guda awa 8,760 ce. In ka ga 35,000, to ya yi aikin shekara huɗu ba hutu, ko me mai shago ya rantse da shi. Tsufa dai ba mutuwa ba ne. Inda ake jin tsoro shi ne layi na 5, wato gurabun da suka lalace har faifan ya maye su da na ajiya, da layi na 197 da 198 (manhajar kan rubuta su C5 da C6), gurabun da karatunsu ya gagara. Waɗannan sifili ake so a gani. Lambar da ta tsaya a 8 wata da watanni da sauƙi. Wadda ta tashi daga 8 zuwa 40 cikin mako guda kuwa, gini ne da gara ta riga ta shiga. Manyan lambobin da faifan Seagate ke nunawa a layi na 1 kada su tayar maka da hankali, salon ƙirgarsa ke nan.

A 2007 injiniyoyin Google sun bi diddigin faifai fiye da 100,000. Sun gano cewa wanda ya nuna kuskuren farko a binciken gurabunsa, haɗarin mutuwarsa cikin kwana 60 ya ninka na sauran sau 39. Amma sama da kashi 36 cikin ɗari na waɗanda suka mutu ba su nuna alamar komai ba. A ganina wannan adadi na biyu ya fi na farko muhimmanci ga mai shagon da ake ɗauke wa wuta kwamfuta na tsaka da rubutu, domin shuɗin nan ba alkawari ba ne.

Ranar da rawaya ya bayyana, kada ka fara da manhajar gyara, don wahalar da faifan za ta ƙara yi. Kwashe kundinka zuwa filas ko Google Drive tukuna, sannan ka nemi mai gyara ya sa maka sabo.