Zaɓen 1965 a Nijar: yadda jam'iyyar da ta murƙushe Sawaba ta cinye kujerun majalisa kakaf

Shekara guda bayan da mayaƙan Sawaba suka kutso cikin Nijar da makamai, an kira ƴan ƙasa zuwa rumfunan zaɓe, ɗan takara guda, jerin sunaye guda. Gwamnati ta samu kusan dukkan ƙuri'u. Ba a cika shekara tara ba sojoji suka kifar da ita cikin dare ɗaya. Ga yadda abin ya faru, da abin da ya sa irin wannan zaɓe ke maimaituwa a ƙasashen Afirka da suka fito daga yaƙi.

Tun ranar 26 ga Maris 2025 babu wata jam'iyyar siyasa da doka ta yarda da ita a Nijar, bayan da hukumomi suka rusa su gaba ɗaya bisa shawarar babban taron ƙasa na watan Fabrairu. Ko ba daɗe ko ba jima, maganar sake kafa jam'iyyu da shirya zaɓe za ta dawo, kuma za ta iske ƙasa tana fama da masu ɗauke da makamai, tun daga jahar Tillabéri har zuwa Diffa. Mutanen Safo da sauran garuruwan gundumar Madarunfa, waɗanda suka san ɓarnar ɓarayin shanu da masu satar mutane a bakin iyaka, ba sa bukatar a gaya musu darajar zaman lafiya. Tambayar ita ce: wane irin zaɓe ake yi bayan an yi faɗa da bindiga? Nijar ta taɓa ba da amsa sau ɗaya, a 1965.

Daga kujera 41 zuwa babu

A zaɓen majalisar yanki na watan Maris 1957, lokacin Nijar tana hannun Faransa, jam'iyyar Djibo Bakary, wadda jama'a suka fi sani da Sawaba, ta ci kujera 41 daga cikin 60. PPN-RDA ta Diori Hamani da Boubou Hama ta tashi da 19. Ƙarfin Sawaba yana wajen talakawan birane: ƴan ƙwadago, direbobi, ƙananan ƴan kasuwa, musamman a ƙasar Hausa. Ta kuma ƙulla ƙawance da wasu manyan sarakuna. Sunan ma ba baƙo ba ne a wannan yanki, domin da shi ake yi wa NEPU ta Malam Aminu Kano kirari a ƙetaren iyaka.

Komai ya juya a 1958. Janar de Gaulle ya shirya ƙuri'ar raba gardama ranar 28 ga Satumba: ko a zauna cikin tarayya da Faransa, ko a karɓi ƴancin kai nan take. Djibo Bakary ya ce a kaɗa "a'a", kamar yadda Sékou Touré ya yi a Gini. Faransa ta turo sabon gwamna, Don-Jean Colombani, sarakunan da ke tare da Sawaba suka janye, aka bayyana cewa "i" ta samu kusan kashi 78 cikin 100. Djibo ya sauka daga shugabancin gwamnati a watan Oktoba.

A zaɓen 14 ga Disamba 1958 Sawaba ta samu kujera 11 kacal, dukkansu daga mazaɓun Tasawa da Damagaram. Su ma ba su daɗe ba: aka soke sakamakon mazaɓun biyu, kujerun suka koma hannun ɓangaren gwamnati. A watan Oktoba 1959 aka haramta jam'iyyar. Da Nijar ta samu ƴancin kai ranar 3 ga Agusta 1960, PPN-RDA ita kaɗai ce a fage, duk da cewa tsarin mulki bai ce ƙasa ta jam'iyya ɗaya ce ba.

Watannin bindiga

Da aka rufe musu ƙofar akwati, shugabannin Sawaba da ke gudun hijira a Mali da Ghana suka zaɓi hanyar makami. An tura ɗaruruwan matasa horo a Sin da Vietnam ta Arewa da Aljeriya da Ghana. A ƙarshen Satumba da watan Oktoba na 1964 suka fara shigowa rukuni-rukuni ta iyakokin ƙasa, har da iyakar Najeriya, suna fatan jama'a za su tashi tare da su.

Jama'a ba su tashi ba. Gwamnati ta samu labari tun da wuri, sojan Faransa na ƙasar, aka kuma sa mutanen ƙauyuka farautar baƙin fuska da kwari da baka. Cikin ƴan makonni aka karya lagon tawayen. A watan Oktoba aka harbe mutum huɗu a bainar jama'a a Yamai. Ranar 13 ga Afrilu 1965, a filin idin babbar salla, wani ɗan Sawaba ya jefa gurneti wajen shugaba Diori. Shugaban ya tsira, wani yaro ya rasu. Kame ya biyo baya, mutane da dama suka mutu a wuraren tsaro. Da aka hamɓarar da Kwame Nkrumah a Fabrairun 1966, Sawaba ta rasa babban matsuguninta.

Wannan rikici bai kai girman yaƙin basasar Najeriya ko na Cadi ba, ko a yawan rayuka ko a tsawon lokaci. Amma ya bar abin da yaƙin basasa kan bari: ɓangare guda ya yi nasara da ƙarfi, ɗayan kuma sunansa ya zama laifi.

Yadda aka yi zaɓen

Ranar 30 ga Satumba 1965 aka yi zaɓen shugaban ƙasa na farko da jama'a suka kaɗa da hannunsu. Diori Hamani shi kaɗai ne ɗan takara. Ranar 21 ga Oktoba aka yi na majalisar dokoki, PPN-RDA ta ɗauke kujeru 50 duka. Alƙaluman hukuma sun ce sama da kashi 95 cikin 100 na masu rajista sun fito, a ƙasar da hanyoyi suka yi ƙaranci, makiyaya kuma na cikin daji da bisashensu. A watan Oktoba 1970 aka maimaita: ɗan takara guda, kujera 50 cikin 50.

Abubuwa huɗu ne suka haɗu suka ba da irin wannan sakamako.

Na farko, tawaye ya ba gwamnati hujjar mai da kowane mai suka abokin gaba. Bayan Oktoban 1964, wanda ya ce lanho ya yi yawa ko kuɗin gujiya ya yi kaɗan, ana iya ce masa ɗan Sawaba, wannan kuwa magana ce ta kurkuku. A garuruwan bakin iyaka, inda kowane gida ke da dangi a Jibiya ko Katsina, zargin ba ya wuyar liƙawa.

Na biyu, jam'iyya da hukuma sun zama abu ɗaya. Boubou Hama na shugabantar jam'iyya da majalisa, Diamballa Yansambou Maïga na riƙe da ma'aikatar cikin gida, wadda ke naɗa kwamandoji, take kuma da iko kan sarakuna. Hakimi da mai gari su ne ke karɓar lanho, su ne kuma ke tattara mutane ranar zaɓe. A ƙasar Maraɗi, inda gujiya ce dukiyar manomi, kamfanin gwamnati na SONARA da aka kafa a 1962 shi ke da ikon fitar da ita waje, ta hannun ƴan kasuwar da aka ba izinin saye. Wanda abincinsa ke rataye da izinin hukuma ba zai tsaya jayayya da jam'iyyar hukuma ba.

Na uku, akwai masu zaɓen da gaske suke. Wanda ya ga an zubar da jini yakan fifita wanda ke riƙe da ƙasa, ko da yana da ƙorafi a kansa. Matsalar ita ce akwati ba ya bambanta wanda ya yarda da wanda ya ji tsoro, tunda takarda ɗaya suke sakawa.

Na huɗu, ainihin takara ta bar hannun jama'a ta koma ɗakin shugabannin jam'iyya a Yamai, inda ake rubuta jerin sunayen. Ɗan majalisa ya san wanda ya sa shi cikin jerin, shi kuma yake yi wa biyayya. Ita kanta jam'iyyar ba ta yi babban taronta ba tun daga samun ƴancin kai har faɗuwarta.

Abin da kashi 99 ya ɓoye

Daga 1968 fari ya shigo, ya tsananta a 1973. Bisashe suka hallaka, noman gujiya ya durƙushe, jama'a suka yi ta kwarara zuwa birane da Najeriya. Majalisa mai mutum 50 ba ta da ko ɗaya da aka zaɓa don ya tashi ya tambayi gwamnati ina abincin agaji ya shiga. Ɗalibai da malaman makaranta ne suka yi magana, ta hanyar yajin aiki da zanga-zanga.

A daren 14 zuwa 15 ga Afrilu 1974 Laftanar-Kanar Seyni Kountché ya ƙwace mulki. Akwai wasu dalilai da masana ke kawowa, kamar saɓani da Faransa kan farashin uranium da yarjejeniyar tsaro da Libiya, amma abin da sojojin suka faɗa wa ƴan ƙasa shi ne rashin adalci da karkatar da kayan agaji. Jam'iyyar da aka ce kusan kowa ya zaɓe ta shekara huɗu da suka wuce ta watse ba tare da jama'a sun fito kare ta ba. Diori ya shiga tsare. Djibo Bakary ya dawo gida, amma a 1975 shi ma aka rufe shi.

A Disambar 1989 aka sake gwada tsarin: Janar Ali Saïbou shi kaɗai a takara, MNSD ta ɗauke kujeru 93 duka. Wata biyu bayan haka, ranar 9 ga Fabrairu 1990, aka harbi ɗalibai a gadar Kennedy da ke Yamai, hanyar da ta kai ga taron ƙasa na 1991.

Sauran ƙasashen Afirka

A yau ba kasafai ake haramta jam'iyyun adawa a rubuce ba, amma wanda ya ci yaƙi har yanzu shi ke cin akwati. A Cadi, MPS na mulki tun Disambar 1990, lokacin da Idriss Déby ya shiga Njamena da makami. A zaɓen majalisa na Disambar 2024, wanda jam'iyyar Succès Masra ta ƙaurace wa, ta samu kujera 124 cikin 188. A Burundi, CNDD-FDD, tsohuwar ƙungiyar tawaye da ke mulki tun 2005, ta ɗauke kujeru 100 duka da aka yi takara a kansu a Yunin 2025. A Mozambik, Frelimo ba ta taɓa barin mulki ba tun 1975, ko bayan sulhun 1992 da Renamo. Zaɓen Oktoban 2024 ya jawo zanga-zangar da ta ci rayuka masu yawa. A Angola, inda yaƙi ya ƙare a 2002, MPLA ta sauko zuwa kashi 51 a 2022, UNITA na biye da kusan 44. Da yawa daga cikin masu zaɓe a can matasa ne da ba su san yaƙin ba, saboda haka tuna musu da shi ba ya kawo ƙuri'a kamar da.

Nijar kanta tana da misali na dabam. A Maris 1993, a zagaye na biyu, Mahamane Ousmane ya kada Mamadou Tandja na MNSD da kusan kashi 54 cikin 100. Wanda ya faɗi ya zama jagoran adawa, bai tafi gudun hijira ba, shekara shida bayan haka kuma ya ci zaɓe. Gwamnatin 1993 ba ta yi ƙarko ba, amma alƙalumanta sun nuna yadda ra'ayin ƙasa ya rabu da gaske, abin da na 1965 suka kasa nunawa.

Duk ranar da aka fitar da sabuwar dokar jam'iyyu da ta zaɓe, akwai abubuwan da mai ƙuri'a a Safo zai iya dubawa da kansa: wa ke rubuta jerin ƴan takarar mazaɓarsa, ko mai gari da hakimi na da damar ƙin shiga kamfe, ko wakilan kowane ɗan takara za su ga ƙidaya a rumfa su sa hannu, sannan ko mai sukar gwamnati zai iya yin magana ba tare da an liƙa masa sunan maƙiyin ƙasa ba. A 1965 amsar waɗannan tambayoyi duka tana hannun jam'iyya ɗaya.