SANIN NASABA A GIDAN 'YAN UBA DA AGOLA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Duk wanda ya taɓa halartar rabon gado ya san inda magana kan tsaya, watau lokacin da malam ya nuna wani ya ce, "Wannan fa, yaya suke da mamacin?" Sai ka ji an ce ai ɗan'uwansa ne. A Hausa wa da ƙane da ɗan baffa da agola duk sunansu ɗan'uwa, amma a shari'a kowa da matsayinsa.

Tarihin Daura kansa ya ishe mu misali. Bisa ga abin da aka gada a baka, Bayajidda ya haifi 'ya'ya uku, kowa da uwarsa. 'Yar Sarkin Barno ta haifa masa Biram a Garun Gabas, Bagwariya ta haifi Karɓagari, sa'an nan Magajiya Daurama ta haifi Bawo. 'Ya'yan Bawo shida su ne suka mulki Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir da Rano. Ashe ke nan Hausa Bakwai ba tsara ɗaya ba ne: shida jikoki ne, na bakwai kuwa, watau Biram, ɗan'uwan ubansu ne ta wajen uba kaɗai. Da ba a kiyaye wace ce uwar wane ba, da wannan bayani ya ɓace.

To, hanyar warware kowace dangantaka tambaya uku ce: ubansu ɗaya? Uwarsu ɗaya? Sun sha nono ɗaya? Wanda kuka haɗa uwa da uba shi ne shaƙiƙi, na uba kaɗai li'abi, na uwa kaɗai li'ummi. In dangin na nesa ne, sai a hau sama har a kai ga kakan da suka haɗu, a sauko ana duba ko ta namiji aka biyo ko ta mace. Baffa da 'ya'yansa maza asaba ne, suna iya cin gado. Kawu kuwa, duk kusancinsa, ba asaba ba ne.

A ɗauka wani ɗan kasuwa yana da ɗa namiji da uwargidansa, sai ya auri bazawara ta zo da 'yarta, daga baya ta haifa masa yaro. Yaron nan li'abi ne ga ɗan uwargida, li'ummi ne ga agolar. Amma tsakanin ɗan uwargida da agolar babu nasaba ko kaɗan, aure ya halatta a gare su ko da a tsakar gida ɗaya suka tashi. Maigidan kuwa ta haramta gare shi har abada tun da ya tare da uwarta, kamar yadda ya zo a aya ta 23 ta Suratun Nisa'i. Duk da haka ba ta gadonsa, sai dai ya yi mata wasiyya, wadda ba ta wuce sulusin dukiya.

Nono shi ne ke sake lissafi. A mazhabar Imam Malik, ko sau ɗaya nono ya isa cikin yaro a shekara biyu na shayarwa, haramci ya tabbata, mijin mai nonon kuma ya zama uba. Saboda haka in uwargida ta taɓa shayar da agolar, ko uwarta ta ci gaba da ba ta mama bayan sabon mijin ya sadu da ita, to ta haramta ga 'ya'yansa maza duka. Nono yana hana aure, amma ba ya ba da gado.

Wajen gado kuwa, shaƙiƙi yana kange li'abi, li'abi yana kange ɗan shaƙiƙi. Li'ummi ɗaya sudusi gare shi, in sun kai biyu su raba sulusi daidai wa daida, mace da namiji, muddin mamacin bai bar ɗa ko 'ya, ko jika ta wajen ɗa, ko uba, ko kaka namiji na wajen uba ba. Dubi mas'alar nan da ake kira Mushtaraka: mace ta bar miji da uwa da li'ummai biyu da shaƙiƙi. Cikin kashi 6, miji 3, uwa 1, li'ummai 2, shaƙiƙi ya tashi hannu wofi. Sayyidina Umar ya shigar da shi cikin sulusin li'ummai domin uwarsu ɗaya, a kan wannan kuma Malikiyya suke.

Jama'a, tsofaffin da suka san wanda ya sha nonon wa suna ƙarewa, aiki da fatauci kuma sun warwatsa dangi. Mai shago ba ya barin bashin kwabo bai rubuta ba, ma'aikaci ba ya wasa da fayil. Ya kamata kowane maigida ya zauna da iyaye mata tun suna raye, ya rubuta sunan kowane yaro da na uwarsa da na wadda ta shayar da shi, ya kai wa malami ya duba. Yin haka ya fi a raba aure bayan an hayayyafa, ko a ci haƙƙin maraya bisa kuskure.

Allah ya sa mu dace, amin.