TEƁA DA CIWON SUKARI: AKUSHI KO ƘAFA, WANNE KE RAGE ƘIBA?

Duk wanda ya daɗe a harkar shanu ya san yadda ake turka sa. A ɗaure shi wuri ɗaya, a cika masa gaba da dusa da harawa da angurya, a hana shi yawo. Kafin wata 3 ko 4 sai ka ga tozo ya cika, jiki ya murje. To, 'yan uwa, da yawa daga cikinmu abin da muke yi wa kanmu ke nan ba mu sani ba.

Iyayenmu da ƙafa suke kora shanu daga Damagaram zuwa Kano, wasu har Kumasi, ana kwana da kwanaki a hanya, guzuri bai wuce gari da fura ba. Yanzu kuwa a loda a tirela, Alhaji ya shiga gidan gaba ko ya bi bayanta a ƙaramar mota. In an isa Maigatari ko Illela ko Adumri, sai zaman rumfa daga hantsi zuwa la'asar, ana ciniki ana zuba shayi, ga lemo mai sanyi, ga tsire. Teɓa ta fito, mutane su ce arziki ya zauna. Bayan 'yan shekaru sai yawan fitsari da ƙishirwa da kasala, a je asibiti a ce ciwon sukari ne. Abin kuma ya game duniya: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu ciwon sun tashi daga miliyan 200 a 1990 zuwa miliyan 830 a 2022.

In likita ya ce a rage ƙiba, amsar da aka fi ji ita ce, "Likita, ina na ga lokacin zuwa gidan ɗaga ƙarfe? Ni kullum ina kan hanya." Gaskiya ne, amma fa ba gidan ɗaga ƙarfe ake nufi ba. Tambayar da ta kamata mu yi ita ce: tsakanin gyara abinci da motsa jiki, wanne ne ke yin wane aiki?

Abin da ke faruwa a cikin jiki

Tuwo da shinkafa da biredi da taliya da fura, duk in sun narke sukari suke komawa, su shiga jini. Akwai wata 'yar tsoka a bayan tumbi da likitoci ke kira fankiriyas, ita ke fitar da sinadarin insulin, wanda ke buɗe wa sukarin hanya ya bar jini ya shiga tsoka. Idan kitse ya taru a ciki, musamman a hanta da ita wannan tsokar, sai jiki ya daina jin maganar insulin, sukari ya yi ta taruwa a jini. Wannan shi ne nau'i na 2, wanda ya fi kama manya, kuma a kansa muke magana a nan. A hankali yake cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa, ya kuma rage wa namiji ƙarfi.

Ga gwaji mai sauƙi da ba ya buƙatar sikeli. Ɗauki igiya ka auna tsawonka daga ƙasa zuwa ka, ka ninka ta biyu, ka zagaya ta a cikinka daidai wajen cibiya. In ba ta haɗu ba, to kitsen cikinka ya wuce kima.

Rage nauyi a akushi yake

Mu yi lissafi irin namu na 'yan kasuwa. Kwalbar lemo mai santilita 35 yawanci tana ɗauke da sukari wajen giram 35, wato ƙaramin cokali 8 zuwa 9, ƙarfin abinci kalori 140 ko kusa da haka. Kafin babban mutum ya ƙona wannan sai ya taka wajen kilomita 2. Shanye ta kuwa minti nawa ne? Wanda ya sha uku a yini ya ɗora wa kansa bashin kilomita 6, ba a ma zo kan shayi da tuwon dare ba. Shi ya sa za ka ga mutum yana zirga-zirga a kara duk yini amma teɓa na nan daram. Baki ya fi ƙafa sauri.

An gwada wannan a Birtaniya. Malaman jami'a biyu, Roy Taylor da Mike Lean, sun jagoranci wani bincike da aka fitar da sakamakonsa a ƙarshen 2017, a kan mutum wajen 300 masu ƙiba waɗanda ba su wuce shekara 6 da kamuwa da ciwon ba, kuma ba sa allurar insulin. Rabinsu aka ɗora su kan abinci kaɗan ƙwarai, kalori 850 ko ƙasa da haka a yini, tsawon wata 3 zuwa 5, ma'aikatan lafiya na sa musu ido. A wannan lokacin ba a ce su ƙara motsa jiki ba. Bayan shekara guda, kashi 46 cikin 100 sukarinsu ya sauko ba tare da magani ba. A cikin waɗanda suka rage kilo 15 ko fiye, kashi 86 ne. Waɗanda suka rage kilo 5 zuwa 10, kashi 34. A shekara ta biyu adadin ya koma kashi 36, galibi saboda ƙiba ta dawo wa wasu. Ka ga ke nan ciwon kwantawa yake yi, in teɓa ta dawo shi ma sai ya dawo.

Ba ana cewa kowa ya shiga irin wannan tsauraran matakin shi kaɗai ba, wannan sai da likita. Darasin shi ne, abin da ya sauke sukarin shi ne yawan kilon da aka zubar, kuma ta hanyar akushi aka zubar da su.

To, tafiyar fa, banza ce?

Ko kaɗan. Aikinta daban ne. Lokacin da tsoka ke aiki tana jan sukari daga jini ko da insulin bai wadata ba, kuma bayan an gama jiki yakan ci gaba da jin maganar insulin har kwana guda ko biyu. Saboda haka tafiya tana sauke sukari ko da sikeli bai motsa ba.

A birnin Dacing na ƙasar Sin, a 1986, an tara mutum 577 waɗanda sukarinsu ya fara hawa amma bai kai ciwo ba, aka kasa su gida huɗu, aka bi su shekara 6. Waɗanda suka gyara abinci kaɗai, haɗarin kamuwa ya ragu da kashi 31 cikin 100. Masu motsa jiki kaɗai, kashi 46. Masu haɗa biyun, kashi 42. A Amurka kuma, a 2002, wani bincike a kan mutum 3,234 ya nuna cewa waɗanda aka sa su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da tafiyar minti 150 a mako, kamuwarsu ta ragu da kashi 58, alhali ƙwayar metformin ta rage kashi 31 ne. Kashi 7 ga mai kilo 90 bai wuce kilo 6 da 'yan kai ba. Kuma yawancinsu tafiyar ƙafa suka yi, ba ɗaga ƙarfe ba.

Lokacin tafiyar ma yana da tasiri. Wani bincike da aka yi a Niyu Zilan a 2016 ya gano cewa tafiyar minti 10 bayan kowane cin abinci ta fi sauke sukarin bayan abinci a kan tafiyar minti 30 a lokaci guda, musamman bayan abincin dare. Mu kuwa al'adarmu, a ci tuwo mai nauyi bayan isha'i a miƙe a tabarma.

A taƙaice, akushi ke zubar da kilo, ƙafa kuma ta riƙe sukari ta hana kilon dawowa.

Me ɗan kasuwa zai yi a kan hanya?

Fara da abin sha, don nan ne ribar ta fi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya fi kyau sukarin da ake zubawa a abinci da abin sha kada ya wuce ƙaramin cokali 6 a yini. Yanzu lissafa: in kowane kofin shayi na da cokali 2, ka sha na farko da na biyu da na uku, safe da rana da dare, cokali 18 ke nan. Ka ce wa yaron shayi ya cire maka naka kafin ya zuba sukari. Lemo da madarar gwangwani mai zaƙi da zoɓo ko kunun da aka cika wa sukari, a mayar da su ruwa ko kindirmo zalla. Zuma ma tana ɗaga sukari, dabino kuma ƙwaya biyu ko uku sun isa.

Sai tuwo. Ba a ce a daina ba, a rage malmala. Mai cin uku ya koma biyu, daga baya ɗaya da rabi, a cika gurbin da miyar ganye mai yawa: kuɓewa, kuka, rama, yakuwa, kwaɗon zogale, ga wake. Ana yawan cewa mai sukari ya koma acha ko alkama. Su ma hatsi ne, in an cika akushi da su sukari zai hau. Nama ba ya ɗaga sukari kamar tuwo, amma a bar tozo da kitse da yawan mai. In ana cin tire ɗaya da abokan tafiya ko a gidan fatoma, ka ja wa kanka iyaka a gabanka, ka faɗa musu dalili. Ba rowa ba ce, ba kuma raini ba ne.

Tafiya kuwa, minti 30 a yini, kwana 5 a mako, da saurin da numfashi zai ɗan ɗaga amma kana iya magana. Ka zagaya kara da ƙafarka ka duba shanu, maimakon aiken yaro ko hawa babur. In mota ta tsaya a kan iyaka ana jiran takardu, ka sauko ka taka. Ka je masallacin da ya ɗan fi nisa.

Hattara

Wanda ke allurar insulin ko shan ƙwaya irin su gilibenkilamid, kada ya rage abinci ko ya ƙara tafiya sai ya gaya wa likitansa, domin sukari na iya faɗuwa ƙasa sosai. Alamunsa karkarwa, gumi, jiri da ruɗewa. Irin wannan mutum ya riƙa yawo da ƙwayar sukari 3 ko 4 a aljihu, abokan tafiyarsa kuma su sani. Haka maganar azumi, a tambayi likita tun kafin wata ya kama. Kada kuma a ajiye maganin asibiti don an samu wani jiƙo mai ɗaci a kasuwa.

Akwai masu ciwon sukari da ba su da ƙiba ko kaɗan, su ba rage nauyi ne maganinsu ba. Wanda ya ga yana ramewa ba dalili, ga ƙishirwa ga fitsarin dare, kada ya yi murna, ya je a gwada jininsa.

Tunda muna tsallaka iyakoki, a lura da ma'auni. Gwajin safe kafin a ci komai, in ya kai 1,26 a takardar asibitin Nijar ko Kamaru ko Chadi, daidai yake da 126 ko kuma 7.0 a takardun Nijeriya da Gana. Daga nan zuwa sama, in an maimaita gwajin ya tabbata, ciwon sukari ne. Ka riƙe takardarka da sunan maganinka a jaka tare da takardun shanu.

Sai ƙafa. Ciwon yakan kashe jin zafi a tafin ƙafa, ƙaya ko ƙusa ta soki mutum a kara bai sani ba, rauni ya ruɓe, har ya kai ga yanke ƙafa. A sa takalmi rufaffe, a duba ƙafa kowane dare, in an ga rauni a tafi asibiti ba jinkiri.

Sa na turke ana kiwonsa ne don a sayar kafin salla. Mu kuwa muna da iyali da ke jiran dawowarmu daga kowace tafiya, da yaran da muke son koya wa sana'a. A kasuwa mai zuwa, a fara da kofin shayi da igiyar nan. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kai mu ya dawo da mu lafiya, amin.