MAJAMI'AR ZANZIBAR DA AKA GINA A KAN KASUWAR BAYI

Duk wanda ya sauka daga jirgin ruwan da ke tasowa daga Dar es Salam, bayan tafiyar kamar sa'a biyu a kan Tekun Indiya, ya kuma kutsa cikin lungunan tsohon birnin Zanzibar, ba zai yi nisa ba zai hangi wata hasumiya mai tsini ta ɗara rufin gidajen unguwar Mkunazini. Wannan ita ce hasumiyar babbar majami'ar Kirista ta ɗarikar Angilika, wadda ake kira Christ Church. Daf da ita akwai masallaci, domin kuwa mafi yawan mutanen tsibirin Musulmi ne, saboda haka kiran salla da ƙarar ƙararrawa suna fitowa ne kusan daga wuri guda.

Ba girman ginin ne ke jawo baƙi ba, filin da ya zauna a kai ne. A nan ne babbar kasuwar bayi ta Zanzibar take har zuwa cikin shekarar 1873. Wurin da masu ibada ke jere kujeru yau, a nan ne dillalai suke jere mutane a da, mai saye yana duba haƙoransu da gaɓoɓinsu kamar yadda ake duba dabba.

YADDA KASUWAR TA BUNƘASA

Cinikin bayi ya daɗe a gaɓar Afirka ta Gabas, amma bai kai matuƙa ba sai cikin ƙarni na 19. Tun kafin nan Faransawa sun riƙa sayen mutane domin gonakinsu na rake a tsibiran Moris da Riyuniyan. Daga baya Sayyid Sa'id, Sarkin Oman, ya mayar da fadarsa Zanzibar, ya kuma ƙarfafa noman kanumfari a tsibiran Unguja da Pemba. Kanumfari kuwa yana bukatar hannaye masu yawa a lokacin tsinka, kuma bayi ne suka zama waɗannan hannayen.

Bugu da ƙari, akwai cinikin hauren giwa, wanda ake kai wa Indiya da Turai da Amurka. Fatake suna tashi da ayari daga bakin teku su nufi cikin ƙasa har yankin tafkin Nyasa da tafkin Tanganyika, su komo da haure da mutane. Mafi yawan bayin ta tashar Kilwa ake ɗora su a jiragen katako masu tafiya da iska. Masana tarihi sun kiyasta cewa a shekarun 1860 kimanin mutum 20,000 ake fitarwa ta wannan hanya kowace shekara. Waɗansu ana barinsu a gonakin kanumfari, waɗansu kuma a wuce da su ƙasashen Larabawa da Farisa. Watau dai riba ta ratsa hannun Balarabe da Baswahile da Ba'indiye mai ba da bashi, da sarakunan cikin ƙasa masu kamawa, da Bature mai sayen kanumfari da haure.

RUFE KASUWA DA AZA HARSASHI

A farkon 1873 gwamnatin Ingila ta aiko Sir Bartle Frere ya nemi Sarki Bargash ɗan Sa'id ya hana fitar da bayi. Sarkin ya ƙi, domin cikin 1872 wata guguwa mai ƙarfi ta lalata itatuwan kanumfarin Unguja da jiragensa, kuma attajiransa ba su yarda a taɓa abin da ya rage musu ba. Sai jakadan Ingila, John Kirk, ya sanar da shi cewa in bai yarda ba jiragen yaƙi za su toshe tsibirin. Ran 5 ga watan Yuni 1873 Bargash ya sa hannu a yarjejeniyar, aka kuwa rufe kasuwar.

A lokacin akwai Turawan mishan na jami'o'in Ingila a tsibirin. Ƙungiyarsu ta samo asali ne daga jawabin da David Livingstone ya yi a Kambirij cikin 1857, kuma sun kafa mazauninsu a Zanzibar cikin 1864. Wani ɗan mishan mai suna Arthur West ya sayi wani sashe na filin kasuwar, sauran kuma wani attajiri Bahindu ya ba da shi kyauta. Ranar Kirsimeti ta 1873 aka aza harsashin majami'ar, aka kammala babban aikin cikin 1879, amma sai cikin 1903 aka keɓe ta a matsayin babbar majami'a.

Wanda ya tsaya a kan aikin shi ne Edward Steere, wanda ya zama Bishof cikin 1874. Shi ba magini ba ne, ya karanta shari'a ne, amma shi ya dage a yi rufin da dakakken dutsen murjani na bakin teku haɗe da siminti, a lanƙwasa shi kamar baka. Mutane da yawa sun zaci rufin zai rufto da zarar an janye katakon da ke tallafe da shi. Ga shi nan tsaye har yau. Steere ya rasu cikin 1882, kabarinsa kuma yana bayan bagaden majami'ar. Ɗalibai za su so su san cewa shi ne ya wallafa littafin koyon Swahilanci cikin 1870, kuma aikinsa yana cikin dalilan da suka sa karin harshen Unguja ya zama daidaitaccen Swahilanci da ake koyarwa a makarantu.

ABIN DA BAƘO ZAI GANI

Da shigar baƙo, ja-gora zai fara nuna masa ginshiƙan dutse da ke kusa da ƙofa, waɗanda aka kafa a kife, kai a ƙasa gindi a sama. Labarin da ake bayarwa shi ne Bishof ya yi tafiya, magina suka kafa su yadda suka ga ya dace, da ya komo ya ga aikin gama ya gama. Haka nan ana ba da labari cewa Sarki Bargash ne ya ba da agogon hasumiyar, bisa sharaɗin kada ta fi fadarsa tsawo.

A gaban bagade akwai wani farin da'ira na dutse a daɓe, kewaye da jan dutse. An ce a daidai nan ne turken da ake ɗaure bayi ana yi musu bulala yake, jan kuma alamar jini ne. A gefe guda an rataye ɗan ƙaramin gicciye na itace, wanda aka sassaƙa daga itacen da aka binne zuciyar Livingstone a gindinsa, a ƙauyen Chitambo da ke cikin ƙasar Zambiya ta yanzu. Livingstone ya rasu ne a farkon watan Mayu 1873, watau makonni kaɗan kafin a rufe kasuwar da ya yi shekaru yana kuka da ita.

Sai dai labarin gicciyen ba ya cika in ba a ambaci Abdullahi Susi da James Chuma ba. Su ne suka jagoranci abokan tafiyarsa, suka busar da gawar, suka ɗauko ta a kafaɗa tafiyar watanni tara har Bagamoyo a bakin teku, inda suka iso cikin Fabrairu 1874. Daga can aka ƙetare da ita Zanzibar, aka wuce da ita Landan. Shi Chuma kansa yaro ne da aka ƙwato daga hannun masu fataucin bayi.

A wajen majami'ar, ƙarƙashin wani gini mai suna St Monica, akwai ɗakuna biyu na ƙarƙashin ƙasa, masu duhu da gajeren rufi. Ja-gorori suna cewa a nan ake cunkushe bayi kafin ranar kasuwa, kuma duk wanda ya shiga ya sunkuya a ciki sai jikinsa ya yi sanyi. To, amma fa waɗansu masana tarihi ba su yarda da wannan ba, suna nuna cewa ginin da ke bisa ɗakunan an yi shi ne shekaru da yawa bayan rufe kasuwar, kuma mai yiwuwa ɗakunan ajiya ne. Wannan saɓani bai rage kome daga gaskiyar kasuwar ba, domin takardun kwastan na Sarki da rahotannin jakadu da bayanan waɗanda suka gani da ido duk sun tabbatar da ita.

RUFE KASUWA BA 'YANCI BA NE

Kuskuren da baƙo zai iya fita da shi daga wannan wuri shi ne ya ɗauka cewa bauta ta ƙare ranar da aka aza harsashin majami'a. Yarjejeniyar 1873 ta hana fitar da bayi ta teku da sayar da su a kasuwa a fili, amma ba ta 'yanta ko mutum guda daga cikin waɗanda ke gonakin kanumfari ba. Fataucin ma ya ci gaba a ɓoye da dare, ta ƙananan tashoshi.

Cikin 1890 Zanzibar ta koma ƙarƙashin kariyar Ingila, duk da haka aka ƙara shekara bakwai bauta tana halal a idon doka, domin masu mulkin suna tsoron kada kuɗin shigar kanumfari ya faɗi. Sai cikin Afrilu 1897 Sarki Hamud ya sa hannu a dokar da ta soke ta. Ko a nan ma bawa ne zai je kotu da ƙafarsa ya nemi takardar 'yanci, kuma ubangidansa ake biya diyya, ba shi ba. Ƙwaraƙwarai kuwa an tsame su daga dokar, ba su shiga ba sai cikin 1909. Ita kanta Ingila, wadda ta jagoranci hanin, ta daɗe tana cikin manyan masu jigilar bayi a Tekun Atalantika kafin ta daina cikin 1807, kuma da ta soke bauta a ƙasashen da take mulka cikin 1833, fam miliyan 20 ta ware wa iyayengiji.

Waɗanda jiragen yaƙin Ingila suka ƙwato a teku, da yawansu an danƙa su ga 'yan mishan. An zaunar da manya a ƙauyen Mbweni, yara maza kuma aka sa su makaranta a Kiungani. Daga cikinsu ne aka sami Kiristocin farko na wannan majami'a, har da Cecil Majaliwa, wanda aka sayar yana yaro, ya zama ɗan Afirka na farko da wannan mishan ta naɗa limami cikin 1890.

Cikin shekarar 2000 Hukumar Ilmi da Kimiyya da Al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, watau UNESCO, ta sa tsohon birnin Zanzibar cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Da bangon majami'ar ya tsattsage, an yi mata babban gyara da taimakon kuɗin Tarayyar Turai, aka kuma buɗe ɗakin nune-nunen tarihin cinikin bayi a harabarta cikin 2016. Ɗalibin da ya sami zarafin zuwa, ya kyautu ya ba wannan ɗaki lokaci kamar yadda zai ba majami'ar, ya gwada abin da ja-gora ya faɗa da abin da takardu suka nuna. An ce gani ya kori ji, amma a fagen tarihi gani ba ya korar bincike.

Kafin baƙo ya fita daga harabar zai iske wani rami mai kusurwa huɗu, a cikinsa mutum-mutumi biyar na maza da mata suna tsaye, sarƙa ta haɗa wuyansu. Wata mai sassaƙa 'yar ƙasar Suwidin, Clara Sörnäs, ta yi su cikin 1998. A cikin majami'ar akwai alluna ɗauke da sunayen bishof-bishof da 'yan mishan da sojojin ruwa, kowanne da shekarar rasuwarsa. Waɗannan biyar na cikin rami kuwa ba a ba ko ɗayansu suna ba, domin dubban da suke wakilta an ƙidaya su ne a littafin kwastan, ba a rubuta sunayensu ba.