Tsohon Kare Ma Rai Gare Shi

Yau za mu taɓo maganar da ba a saba jin irinta a wannan fili ba, watau maganar tsohon karen da masu shi suka yar, da kuma surutun da kan biyo baya idan wata baiwar Allah ta tausaya ta ɗauke shi.

Hausawa na cewa karen bana shi ke maganin zomon bana. To, karen bara fa, ina za a kai shi? Mafarauci kan yi shekara bakwai ko takwas yana shiga daji da karensa, ranar da gudu ya ƙare sai ya daina kiransa. Ma'aikaci kuma idan aka yi masa canjin wurin aiki, sai ya loda kaya a mota, ya bar karen da ya daɗe yana yi masa gadi a ƙofar gida. Bayan 'yan makonni sai ki gan shi a kan juji, haƙarƙari a waje, yara na binsa da jifa.

Ba a ƙasarmu kaɗai ake wannan ba. A shekarar 1860 wata mata mai suna Mary Tealby ta ga yadda karnuka ke mutuwa da yunwa a titunan birnin Landan, sai ta sami wuri a unguwar Holloway ta riƙa tara su tana ciyarwa. Nan da nan aka yi mata ca. Har babbar jaridar nan ta Times ta yi wa abin ba'a, a kan cewa ga talakawa na kwana a waje, ana ɓata kuɗi a kan karnuka. Matar ta rasu a 1865, amma aikin bai mutu ba. A 1871 aka mayar da gidan Battersea, a 1885 kuma Sarauniya Biktoriya ta zama uwar gidan. Har yau yana nan, mutane na zuwa su ɗauki kare su ba shi mazauni. Sai dai a irin waɗannan gidaje ma 'yan kwikwiyo ne ke fara samun masu so, tsofaffi su ke daɗewa suna jira.

Kun ga ke nan ba yau aka fara yi wa mai tausayin kare gori ba. A wurinmu, maganganu uku ne mace za ta fi ji.

Ta farko, za a ce mata, "Ke kuwa ina ke ina najasa?" Malaman mazhabar Malikiyya, wadda yawancinmu ke bi, sun tafi a kan cewa kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai kuwa bin umarni ne. Shafi'iyya su ne suka tsananta. Gaskiya ne hadisi ya yi gargaɗi game da ajiye kare haka kawai, da kuma shigar da shi ɗaki, amma an yi rangwame ga na farauta da na kiwo da na gona, malamai da dama kuma sun haɗa da na gadin gida. An ruwaito cewa shi kansa Ibn Abi Zaid, mai littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu, ya ajiye kare don tsaron gidansa. Kada kuma mu manta da hadisin da Buhari da Muslim suka kawo, na wata mata mai zunubi wadda ta ga kare zai mutu da ƙishirwa, ta cire huffinta ta ɗebo masa ruwa a rijiya, Allah Ya gafarta mata saboda wannan. Wadda ke da sauran shakka ta tambayi malamin da ta amince da shi.

Ta biyu ita ce irin wadda aka yi wa Mary Tealby: "Mutane ba su ƙoshi ba, ki ciyar da kare?" Lalle ɗan'adam shi ne a gaba. Amma ƙanzon tukunya da guntun tuwon jiya, da ɗan abin da mahauci ke zubarwa, sun riƙe tsohon kare, kuma ba a bakin kowa aka ƙwace su ba.

Ta uku, "Tsoho ne, me zai yi miki?" Kare kan rayu shekara 10 zuwa 13, daga wajen shekara 7 kuma ana lissafa shi cikin tsofaffi. A wannan lokaci ya wuce tauna takalma da tone-tone irin na kwikwiyo, ya saba da mutane, halinsa ya riga ya bayyana. Ko ba ya iya bin ɓarawo da gudu, hancinsa na aiki, haushinsa kuma ya isa ya tada mutanen gida.

Amma fa akwai tsoro guda wanda ya kamata mu ba maƙwabta gaskiya a kansa, shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum wajen 59,000 a kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, da wuya a tsira. Saboda haka tausayi sai da ilimi. Kada ki kama karen da ba ki san asalinsa ba da hannunki, balle wanda ke dalalar da miyau ko yake kai cizo ba dalili. Wanda kika san gidan da ya fito ya fi. Kafin ya shiga gidanki, a kai shi wurin likitan dabbobi ya duba shi, ya yi masa allurar rigakafi, a riƙa sabuntawa kowace shekara. A nan gida ma ana yin wannan allura, a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato. Ki adana takardar, domin ita ce za ta kwantar da hankalin maƙwabta.

Ki yi shawara da maigida tukuna, da abokan zama in gidan taro ne. A keɓe masa wuri mai inuwa nesa da madafi da wurin salla, da kwanonsa na kansa, da tsohon buhu na shimfiɗa, domin gaɓoɓin tsoho ba su son sanyin ƙasa lokacin hunturu. Haƙoransa sun yi rauni, sai a jiƙa masa abinci. Kada a ba shi ƙashin kaza dafaffe, don yakan tsage ya soke shi, albasa da cakulan kuwa guba ne a gare shi. A nemi maganin kaska da na tsutsar ciki. Zai yi 'yan makonni yana ɗari-ɗari kafin ya sake, sai an yi haƙuri.

Ku kuma 'yan makaranta, ku ja kunnen ƙannenku su bar jifan karnuka. Kada a taɓa kare yana barci ko yana cin abinci, musamman tsoho wanda ji da gani suka ragu, don firgita kan sa shi cizo. Idan kare ya taso muku, ku tsaya cik, kada ku ruga. Wanda aka ciza, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a garzaya asibiti a ranar, kada a tsaya jiran magani a gida.

Ba kowace mace ce ke da halin ɗaukar kare ba, kuma ba dole ba ne. Amma wadda ta ga maƙwabciyarta ta yi, ta kame bakinta daga gori, in ta iya ma ta aika da ƙanzo. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Allah Ya sa mu cikin masu jinƙai, amin.